Daga Makoki Ba A Zarcewa Gida

Litinin, 4 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Yau shirin 'yata Nila bai fito ba. Shida ta yi, shida da kwata ta wuce, sai waƙa suke ta sakawa, wata bayan wata. Ni ba sauraron shirin nake yi ba, duk ƙauyen nan an sani. Rediyon maƙwabcina Doming ne ke da ƙara, yana tsallako shinge ya iske ni har saman kwakwa ina juye bammi. Shekara goma sha ɗaya ita da abokin aikinta Rodel suna buɗe baki ƙarfe shida, suna magana a kan yashin koginmu da tifofin da ke kwashe shi. Yau babu.

Na sauko ban gama itatuwa ba. Ƙafata ce ta riƙe.

Litinin ɗin, da azahar

Aling Saling, tsohuwar malamar makaranta, ta zo da wayarta a hannu. Rodel ne. An harbe shi har lahira a bakin ƙofar gidan rediyo, mutum biyu a babur. Nila ta riga shi shiga da minti goma.

Na gode wa Allah. Sai kuma na ji kunyar godiyar, don Rodel ma ɗan wani ne.

Talata, 5 ga Satumba, da yamma

Bari in rubuta dalilin littafin nan, kada wani ya tsince shi ya ɗauka tausayi ne ya kama ni. Ni Ambrosio, da ake kira Ambo, ban taɓa zama a aji ba. Shekara shida da suka wuce Doming ya kawo mini takarda, ya ce, "Pare, dangwala nan kawai, na gyaran hanya ne." Na dangwala. Gonata ta bakin kogi ke nan, yanzu rami ne mai ruwa kore. Wannan ɗaya.

Na biyu, shekara biyu da suka wuce 'yar cikina ta zauna gaban makirufo ta gaya wa lardi kaf cewa ubanta bai iya karatu ba, shi ya sa aka cuce shi. A kasuwa har masu kifi suna ce mini sannu. Washegari na je wurin Saling na ce ta koya mini baƙi, ina da shekara sittin da tara. Ba don kowa na koya ba, don haushi na koya. Tun ranar ban yi wa Nila magana ba. Doming kuwa, duk da shi ne ubangidanta na baftisma, abin da ya sa muke kiran juna Pare, na rantse ba zan ƙara karɓar kofi daga hannunsa ba.

Ba ta kira ba. Ni ma ba ni da waya, amma ta san lambar Saling.

Laraba, 6 ga Satumba, da safe

An kai gawar Rodel gidan uwarsa a cikin gari. Saling ta ce in shirya mu je. Na ce ba ni da abin yi a can. Ta ce to me ya sa na wanke farar rigata tun jiya. Mace ce mai sa ido.

Laraba, bayan faɗuwar rana

Na je. Don gahawa da karta na je, a makoki ne kawai ake samun abokan wasa na ƙwarai. An kafa tamfol har rabin titi. A kan gilashin akwatin gawar sun ɗora ɗan tsako da 'yan ƙwayoyin shinkafa, yana ta tsattsaga, yadda ake yi wa wanda aka kashe, don ya riƙa tsattsagar zuciyar wanda ya yi. Na daɗe ina kallonsa. Ina fata bakinsa da kaifi.

Nila tana zaune kusa da uwar Rodel. Ta rame. Da ta gan ni ta taso, ta kama hannuna ta kai goshinta. Ban janye ba, a gaban mutane ne.

Ta ce, "Tay, ka zo." Haka take kira na, wato Baba.

Na ce, "Na zo wurin Rodel."

Ta ce, "Shi ma ya gode."

Na ce a makoki ba a godiya, ko uwarta marigayiya Pining ba ta koya mata ba? Ta kusa yin dariya. Aka cinye ni a karta sau huɗu, hankalina ba ya kan wasan.

Juma'a, 8 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Abin jiya zan rubuta.

Na koma makokin. Wajen ƙarfe huɗu na yamma Nila ta miƙe ta ce za ta leƙa ɗakinta na haya ta ɗauko wasu takardu ta dawo. Na bi ta waje. Ta tare keke mai ƙafa uku, ta faɗa wa mai keken sunan layinsu. Na ce, "Daga ina zuwa ina?"

"Gida, Tay. Minti goma."

"Daga makoki?"

Kowa ya san ba a fita daga wurin gawa a zarce gida. Sai an ratse wani wuri, kanti ko rumfar abinci, an zauna an kakkaɓe, kada mamacin ya bi mutum har ɗaka. Jariri ma ya san wannan.

Ta ce, "Tay, don Allah. Rodel ne. In ya biyo ni ma sai in dafa masa gahawa."

Na ce, "Ba za ki kai wa masu gidan haya gawa ba."

"Camfi ne. Ina sauri."

"Ai na sani, ke ce mai ilimi. Ni ne jahilin da aka faɗa a rediyo."

Ta shiga keken. Sai na zagaya na zauna a kan kwalta gaban tayar gaba, da farar rigata. Mai keken ya kashe inji ya ce, "Yaya, tsohon nan da gaskiyarsa. Ni ma ba na so in kai gawa layin nan, gobe da safe nan zan bi." Masu karta suka fara leƙowa. Nila ta runtse ido ta ce, "Tashi, Tay. Ina za mu?"

Na kai ta rumfar faten shinkafa ta bayan kasuwa. Ta so ta sha ruwa a tsaye ta ce an kakkaɓe. Na ce ba haka ake yi ba, sai an zauna an ci. Na sa aka kawo kwano biyu, da ƙwai da soyayyiyar tafarnuwa. Na ci nawa a hankali, haƙorana shida ne. Tana ta duban agogo. Na ƙara kwano don in ba ta haushi.

Ina tsakiyar na biyun wayarta ta yi ƙara. Matar da ta ba ta haya ce. Ban ji abin da ta ce ba, fuskar Nila kawai na gani. Da ta ajiye ta ce mutum biyu da hular kwano sun tsaya gefen ƙofar gidan tun huɗu da 'yan mintuna, da babur a kunne. Sun jira kusan awa ɗaya. Da 'yan makaranta suka cika layin sai suka tafi. Lalle wani daga wurin makokin ne ya gaya musu tana tafe, ba mu san ko wane ne ba.

Ta ɗauki cokalinta ta ajiye. Ta ce, "Ci abincinka, Tay."

Na ce na ƙoshi.

Mai faten ta ga ba mu gama ba, ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Allah ya yi wa matar nan albarka da tukunyarta mai jinkirin tafasa. Allah ya yi wa mai keken albarka. Pining, in ke ce kika zaunar da ni a kan kwaltar nan, na gode.

Juma'a, da yamma

Nila tana bukkar da nake dafa barasa, can cikin kwakwa a lungun rafi. A motar kwakwa muka dawo, tana kwance tsakanin buhuna. Ni da Saling kaɗai muka sani. Na cire batirin wayarta na sa a tukunyar gishiri.

Asabar, 9 ga Satumba, da asuba

Tana nan. Na leƙa sau uku.

Lahadi, 10 ga Satumba, bayan coci

An binne Rodel yau. Ba ta je ba, kuma ta ce ba za ta yafe mini ba. Na ce ta shiga layi, ni ma akwai waɗanda ban yafe wa ba. Saling ta je, ta ce mutane sun cika hanya tun daga coci har maƙabarta, masu kamun kifi sun zo da kwale-kwale a kan amalanke an rubuta sunansa a jiki. Nila ta sa ta maimaita labarin sau biyu, sannan ta juya ta fuskanci bango.

Na dafa mata ganyen gwaza da madarar kwakwa, yadda uwarta ke yi. Ta ce barkono ya yi yawa. Ta cinye.

Talata, 12 ga Satumba, da rana

Ta ga littafin nan. Laifina ne, na bar shi a kan tulu.

Na dawo daga itatuwa na tarar tana riƙe da shi a rufe. Ta ce ba ta karanta ba, shafin farko kawai ta buɗe. Ta ce, "Tay, rubutun wa ke nan?"

Na ce, "Na akuya."

"Yaushe ka koya?"

"Bayan an yi mini shela."

Ta daɗe tana shafa bangon littafin. Sannan ta ce mutum sittin da uku ne suka dangwala irin takardar nan a bakin kogin, kowa ya ɓoye don kunya, lauya ya rasa ko mutum ɗaya da zai tsaya ya ce an yaudare shi. Da ta faɗi na ubanta, cikin sati biyu arba'in suka zo gidan rediyo da ƙafarsu.

Na ce, "Sai ki tambaye ni tukun."

"Da ka yarda?"

"A'a."

"To ka gani."

"Duk da haka sai ki tambaya. In ƙi, ki yi. Amma an tambaye ni."

Ta ce, "Gaskiya ne. Na yi laifi, Tay."

Shekara biyu ina shirya amsar da zan ba ta in ta faɗi haka, mai tsawo, har na kan gwada ta a saman kwakwa. Da lokacin ya zo sai na ce ta miƙo mini mazurari.

Daga baya ta ce na rubuta Satumba ba daidai ba a shafin farko. Halinta ke nan. Na gyara, amma ba don ta faɗa ba.

Alhamis, 14 ga Satumba, da safe

Gidan rediyo sun sa wani yana karanta farashin shinkafa a lokacin shirin. Tifofi sun dawo aiki tun Litinin, ina jin su daga nan. Nila tana ƙirga su da gawayi a jikin bango. Na ce ta bar ɓata mini bango.

Asabar, 16 ga Satumba, da yamma

Ruwa kwana biyu. Rafi ya cika ya shanye gadar katako. Yanzu hanya ɗaya ce ta shiga bukkar, wadda ta bi ta ƙofar Doming. Ban so haka ba.

Doming ya tsaya a shinge ya ce, "Pare, kwanan nan kana dafa shinkafa da yawa." Na ce tsutsar ciki gare ni. Ya ce Allah ya sawwaƙe. Ɗansa direban tifa ne. Ban yi barci ba.

Litinin, 18 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Jiya Lahadi. Zan rubuta a hankali, kaina har yanzu yana sarawa.

Bayan coci maza sun zauna a ƙofar Doming kamar kullum, tulun barasa ɗaya, kofi ɗaya, shi ke zubawa yana miƙa wa kowa bi da bi. Shekara shida ina wuce zaman nan ban kalle shi ba. Jiya ina wucewa da kwanon Nila a cikin kwando sai na ga babur a jingine, da baƙi biyu a tsaye. Takalman gari. Ɗaya da jaka rataye a ƙirji, bai sauke ta ba. Wai barasa suka zo saya, an ce musu ta Mang Ambo ta fi, suna so a kai su inda ake dafawa su gani.

Doming ya ɗaga murya ya ce, "Ga mai ita nan. Pare, zo zauna. Baƙi, a garin nan ba a ciniki da busasshen maƙogwaro."

Mai jakar ya ce suna sauri.

Doming ya ce, "Sauri? Ka zo ƙofata ran Lahadi, an miƙa maka kofi, ka ce sauri? Ko dai mun yi maka ƙazanta ne?"

Maza tara ne a wurin, ko goma, duk masu hawan kwakwa, kowa da laujensa a ƙugu don daga nan itatuwa za su. Ba wanda ya taɓa nasa. Kallo kawai suka yi. Baƙin suka zauna. Doming da kansa ya ja musu benci, ya sa suka ba gonar kwakwa baya. Ni ya zaunar da ni ina fuskantarta. Ya ƙwala wa Saling kira ta shinge ya ce ta samo mana abin taɓawa, ko busasshen kifi ne, ya ƙara da cewa, "Ki duba can ciki, Malama, na san Pare yana ɓoye mai kyau." Saling ta karɓi kwandon daga hannuna ta bi hanyar bukka tana tafiyar tsofaffi.

A nan na gane ya sani. Tun yaushe, ban sani ba.

Ya zuba ya miƙo mini. Ya ce, "Ga shi nan, Pare."

Rantsuwata tana nan, ban manta ba. Na karɓa. Na ce, "A amfana." Na shanye.

Kofi ya zagaya. In ya zo kan baƙi Doming sai ya cika shi har baki, in ya zo kanmu ya rage. Wannan cuta ce a ƙa'idar zama, mai zuba ba ya bambantawa, amma ba wanda ya ga komai. Aka yi ta tsokanar su. Wani ya ce ƙaramin yana sha kamar mai shan maganin tari. Ƙaramin ya ji haushi ya nemi ƙari.

A zagaye na huɗu na ɗaga ido.

Itatuwanmu a haɗe suke ta sama da gora biyu-biyu, ɗaya ta taka ɗaya ta riƙewa, daga kan wannan zuwa kan wancan, don kada mai bammi ya yi ta hawa da sauka. Nawa sun ƙetare rafi har gonar coci. Can sama, tsayin mutum shida, na hango Nila ba takalmi, ta ɗaure siket a ƙugu, tana kan gorar farko. Rabonta da hawa tun tana 'yar shekara sha biyar, lokacin ma dukanta na yi. Yanzu arba'in da ɗaya. Gorar a jiƙe take. Ta uku daga bukka ta tsage tun watan jiya, ina ta cewa zan canza.

Tana daidai saman kafaɗar mai jakar. In ya waiga shi ke nan.

Sai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Doming, tunda ga baƙi, bari su yi mana shari'a. Mutumin nan ya cuce ni gona." Na zayyana komai, takardar, yatsan, ramin. Da gaske nake, ba wasa ba. Doming ya ce shi ma ai dangwalawa ya yi, tasa gonar ma ta tafi, an ce masa hanya ce. Na ce ƙarya yake. Ya ce, "Jakin tsoho, shekara shida ina so in gaya maka, kana juya mini ƙeya." Muka miƙe muka cakumi juna. Baƙin suna dariya, mai jakar har yana cewa a bar mu. Ta gefen kunnen Doming ina ganin ta ta kai gora ta uku. Gorar ta lanƙwasa. Ta tsaya. Ta ja ƙafa, ta ja ƙafa, ta kama ganyen gaba.

Na zauna. Na ce a zuba mini.

Da rana ta karkata na kai su bukkar da kaina. Saling ta share komai, har gawayin bango ta wanke. Suka leƙa, suka sayi kwalba biyu don kunya. Ƙaramin ya yi amai a hanya. Da ƙyar suka tayar da babur.

Motar coci ta ɗauki Nila a ƙetaren rafi. Saling ce ta kira Fada, limamin cocinmu.

Litinin, da yamma

Na canza gorar.

Laraba, 20 ga Satumba, da safe

Na kai wa Doming kwalba ɗaya ta farkon digo, wadda ba na sayarwa. Na ajiye a kan shinge. Ya ce ta mece ce. Na ce ta yi mini yawa ne. Ya ce ɗansa ne ya ga mutanen nan a wurin ajiye tifofi suna tambayar ƙauyenmu, ya zo ya faɗa masa, yanzu ya bar aikin ya tafi wurin 'yar'uwarsa a wani tsibiri. Ya ce, "'Yata ce ni ma, Pare. Ni na riƙe ta a gaban Fada tana tsala ihu."

Na ce duk da haka shi ya kawo takardar.

Ya ce, "Ni na kawo."

To. Ya amsa. Na gode masa a nan, a rubuce, tunda bai iya karatu ba.

Lahadi, 24 ga Satumba, bayan coci

Fada ya riƙe hannuna a ƙofa fiye da yadda ya saba. Ya ce Nila tana ci, tana barci, tana damun masu hidima da gardama. Bai faɗi inda take ba, ban tambaya ba.

Laraba, 27 ga Satumba, da asuba

Shinkafa ta yi mini yawa a tukunya. Hannuna ya saba da awon mutum biyu.

Talata, 3 ga Oktoba, da rana

Saling ta karanta mini a wayarta wai an kama mutum ɗaya. Ta nuna mini hoton. Ba ɗaya daga cikin baƙin nan biyu ba ne. Wai mutane daga Manila sun zo, masu jarida da lauyoyi, sun yi taro a filin gari da kyandir. Tifofi sun tsaya kwana huɗu. Yau na ji biyu.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da yamma

An miƙa mini kofi a ƙofar Doming, na zauna zagaye biyu. Yana zuba mini kaɗan. Ɗan rowa ne tun muna samari.

Juma'a, 13 ga Oktoba, bayan faɗuwar rana

Kwana arba'in na Rodel. Yau ransa ya bar yawo ya tafi inda za shi. An yi addu'a a gidan uwarsa, an dafa taliya da wainar shinkafa. Ɗan tsakon nan ya zama 'yar budurwar kaza tana yawo a tsakar gida.

Ana cikin addu'a Nila ta shigo, mata biyu masu hidimar coci a gefenta. Ta yi aski. Bayan an gama ta ja ni bayan gida ta ce ran Litinin za ta koma shiri.

Na ce ba ta isa ba.

Ta ce akwai wurin da aka samar mata a Manila, har da aiki, ta ƙi.

Na ce, "Don me na zauna a kwalta? Don me na sha daga hannun Doming? Don ki dawo ki miƙa musu wuya?"

Ta ce, "Tay, in na tafi, sun kashe mu biyu da harsashin mutum ɗaya. Mutum arba'in ɗin nan ran ashirin ga wata za su tsaya gaban alƙali. In sun kunna rediyo suka ji farashin shinkafa, rabi ba za su je ba."

Na ce su je ko kada su je, ni 'ya ɗaya gare ni.

Ta ce, "Wannan karon ina tambayarka."

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To."

Mun san abin da wannan to ɗin yake nufi, ni da ita. Taurin kai ne, ban san inda ta gado shi ba. Pining ba haka take ba.

Asabar, 14 ga Oktoba, da rana

Ban hau ko itace ɗaya ba. Bammi zai yi tsami. Ya yi.

Lahadi, 15 ga Oktoba, da yamma

Na roƙi Doming ya riƙe mini itatuwan safe. Ya ce har yaushe. Na ce har na ce ya bari. Ya ce gwiwarsa. Na ce gwiwarsa ba ta hana shi kawo takarda ba. Ya ce zai yi.

Litinin, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na isa gidan masu hidimar coci tun biyar. Da ta fito ta gan ni a bakin ƙofa ta ce, "Ai ka ce a'a." Na ce har yanzu a'a ne, rakiya kawai na zo.

A bakin gidan rediyo an wanke simintin, amma an san wurin, an jera kyandir. Ta tsaya kaɗan ta wuce. Suka ba ni kujerar roba a waje da ɗakin gilashi. Ban taɓa ganin inda take aiki ba. Ɗaki ne ƙarami, bai kai bukkata ba, fanka ɗaya, kujera biyu. Ta zauna a ɗaya, ba ta bari an fitar da ɗayar ba. Jar fitila ta kama. Ta gaishe da masu kamun kifi, da masu kwakwa, da direbobin tifa ma, ta ce ta san ba su ne masu yashin ba. Ta faɗi ranar shari'a sau uku. Muryarta tsaf, kamar mai kiran kaji. Awa biyu. Wayar gidan ba ta huta ba.

Da muka fito ta ce ta gaji da mota, mu taka zuwa kasuwa, ba nisa. Masu hidimar suna bayanmu. Mun kai wajen shagon mai gyaran taya sai na ji babur ta baya, yana rage gudu. Na waiga. Mutum biyu, hular kwano. Ban san lokacin da na tura ta jikin bango na tsaya a gabanta ba. Babur ɗin ya zo daidai mu. Na bayan yana rungume da ɗan alade a buhu, rami suke kaucewa. Suka wuce, aladen yana ihu.

Na juyo zan yi mata tsiya. Sai na ga ta kama hannun rigata da hannu biyu, tana karkarwa tun daga kafaɗa har gwiwa, leɓenta ya yi fari. Shekara goma sha ɗaya ina jin muryar nan ta tsallako shinge, ban taɓa kawo wa raina tana jin tsoro ba. Na ɗauka ba ta da shi ne, shi ya sa nake jin haushinta.

Ta ce, "Kullum haka nake, Tay. Rodel ne kawai ya sani."

Na bar ta ta riƙe rigar. Muka tsaya har ya lafa. Mai gyaran taya ya kawo mata ruwa bai tambayi komai ba, Allah ya saka masa.

Ta ce, "Gobe ma za ka zo?"

Na ce kujerarsu ba ta da daɗi, zan taho da tawa.